Tsohon faifan kwamfuta ya ƙi buɗuwa a cikin sabuwa: yadda za ka kwashe ayyukanka

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu. Kwamfutar teburin da nake aiki da ita ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Mai gyara ya ce babban allon cikinta ne ya tafi, amma had disk ɗin lafiyarsa lau. Na sayi wata, na sa aka jona mini tsohon a cikinta a matsayin na biyu. Yanzu ɓangare ɗaya yana fitowa da harafin E, amma in na shiga Users na danna sunana sai ta ce ba ni da izini. Ɗaya ɓangaren kuma, inda nake zuba ayyukan kwastomomi, da na taɓa shi sai ta ce sai na yi fomatin. Akwai furojet ɗin ɗalibai da katunan biki na shekara da shekaru a ciki. Yaya zan kwashe su ba tare da na yi asara ba?"
Wani mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare gaba.

In na fahimce ka daidai, faifai ɗaya ne aka raba gida biyu tun yana cikin tsohuwar kwamfuta. Ɓangaren farko shi ne wanda Windows take zaune a kai, wanda a da ka sani da C, yanzu ya koma E saboda sabuwar kwamfutar tana da nata C ɗin. Na biyun shi ne inda ayyukan shago suke. Matsala biyu ke nan, kuma ba danginsu ɗaya ba. Ta izini ƙaramar magana ce, fayilolinka suna nan daram, hanya kawai aka tare maka. Ta fomatin ita ce mai son natsuwa, domin a nan ne mutane suke ƙarasa abin da wutar ta rage.

Ga ƙa'idar da duk sauran bayanina zai hau kanta: har sai ka ga ayyukanka sun zauna a wani wuri dabam, wannan faifan na karantawa ne kawai. Kada ka yi masa fomatin, kada ka ajiye sabon abu a kansa, kada ka girka manhaja a cikinsa, kuma kada ka bari wani ya ce zai gyara maka shi cikin minti biyu. In ka kunna kwamfuta ka ga tana ƙirga daƙiƙu tana cewa za ta duba faifan, wanda ba ya so ya danna kowane maɓalli, to danna ka tsallake. Wannan dubawar ba kallo kawai take yi ba, gyara take yi, kuma gyaran nata rubutu ne a kan faifan.

Fara da lafiyar faifan

Mai gyaranka ya ce faifan lafiya lau, kuma akwai dalilin yarda da shi: tunda yana juyawa, kwamfuta kuma ta gane shi, allon da ke manne a ƙarƙashinsa bai ƙone ba. Amma lafiyar allo dabam, lafiyar farantin da ke ciki dabam. Buɗe murfin kwamfutar ka kasa kunne lokacin da ta tashi. Faifai mai lafiya yakan yi ɗan zuu ya daidaita, sai ƙaramin kwaramniya in yana karatu. In ka ji ƙat, ƙat, ƙat a jere, ko ya tashi ya mutu ya sake tashi, kashe kwamfutar nan take ka karanta sashen ƙarshe na wannan amsa kafin ka sake kunnawa.

In kunne bai ji komai ba, sauke CrystalDiskInfo, kyauta take, ka girka ta a kan C na sabuwar kwamfuta. Kowane faifai yana riƙe da rahoton lafiyar kansa da ake kira SMART, ita kuma manhajar karanto shi kawai take yi. Za ta nuna maka Good da shuɗi, Caution da rawaya, ko Bad da ja. Layuka uku nake fara dubawa, masu lamba 05 da C5 da C6. Na farko yana ƙirga wuraren da suka lalace har faifan ya musanya su da na ajiya, na biyu wuraren da ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za ta kaya, na uku waɗanda ya kasa gyarawa. In duk sifili ne, ka samu sararin yin aiki a tsanake. In C5 tana da wani adadi, musamman in kana gani yana ƙaruwa, to faifan yana kan hanyarsa, kuma kowace awa da ya yi a kunne daga cikin ragowar kwanansa ake cirewa.

Duba wayoyi ma, don sau da yawa ana kawo mini faifai da sunan ya mutu, ashe waya ce. Faifan SATA, wato sunan irin mahaɗin da ake jona shi da shi, yana da baki biyu, siririyar wayar data mai haƙora 7 da faffaɗar wayar wuta mai haƙora 15. Tsohuwar wayar data da ta saki takan sa faifai ya riƙa fitowa yana ɓacewa, har ta sa Windows ta kasa karanta ɓangare mai lafiya. Canja ta da sabuwa, ka gwada wani bakin a kan babban allo, kwamfuta tana kashe an zare ta daga soket. In an ɗauko akwatin wutar tsohuwar kwamfutar an sa a sabuwar don rage kuɗi, a cire shi. Shi ne ya fara shan dukan wutar.

Wanda kuma laftof gare shi, babu wurin faifai na biyu, sai ya nemi ƴar wayar da ke mayar da SATA zuwa USB, ana samunta a wajen masu kayan kwamfuta irin na titin Beirut a Kano. Ƙaramin faifan laftof mai inci 2.5 wutar volt 5 kawai yake so, USB ta ishe shi. Babba mai inci 3.5 irin naka yana buƙatar volt 12 a kan haka, don haka sai wadda take da nata caja. In aka jona shi da marar caja, shiru za a ji, mutum ya ɗauka ya mutu.

Kafin ka ci gaba, akwai wata dabara da ke hana Windows taɓa faifan ko da hannunka ya kuskure. Buɗe Command Prompt, allon da ake rubuta wa Windows umarni, a matsayin Administrator, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ka rubuta diskpart, sannan list disk. Gane faifanka ta girmansa, a ce shi ne na 1. Rubuta select disk 1, sannan attributes disk set readonly, sannan exit. Ka tsaya a kan waɗannan kawai. A cikin diskpart akwai kalmar clean, wadda take share tsarin faifai gaba ɗaya ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba.

Me ya sa take cewa ba ka da izini

Windows tana shirya faifanta da tsarin NTFS, kuma a wannan tsarin kowane fayil yana ɗauke da jerin waɗanda aka yarda su buɗe shi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jerin ba da suna yake aiki ba. Duk akawun da aka buɗe a Windows ana ba shi wata doguwar lamba da ta fara da S-1-5-21, kuma da ita ake gane shi. Kamar maigadin ma'aikata ne da aka ce masa lambar kati zai duba: ko ya san fuskarka, ko sunanka ɗaya da na mai ofis, in lambar ba ta yi daidai ba ba za ka wuce ba. Ko da sunan da ka sa a sabuwar kwamfuta shi ne na tsohuwa harafi da harafi, lambar ta bambanta. In ka danna dama a kan foldar, ka shiga Properties sannan Security, sau da yawa za ka ga an rubuta Account Unknown da doguwar lambar a gefe. Tsohon kai ke nan, wanda sabuwar Windows ba ta taɓa ji ba.

Wannan kulle ba ɓoye bayanai ba ne. Fayilolin suna nan a fili, Windows ce kawai take mutunta jerin, kuma duk mai matsayin Administrator zai iya tsallake shi. Hanya mafi sauƙi ita ce maɓallin Continue da ke jikin saƙon. In ka danna, Windows za ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana ƙara sunanka a jerin, shi ya sa koren layin da ke sama yakan daɗe yana jan ciki kamar ya tsaya. Akwai kuma umarnin takeown da icacls masu yin irin wannan aiki da ƙarfi. Duk suna aiki, amma ni ba na fara wa da su, saboda dalili biyu. Na ɗaya, rubutu ne a kan faifan da muka ce ba za a rubuta masa komai ba, kuma rubutu ne sau dubbai. Na biyu, in mutum ya yi wa faifan gaba ɗaya, har da foldar Windows, ya dagula izinin tsohuwar babbar manhajar, wata rana in ya so ta sake tashi sai ta riƙa ba shi wahala.

Abin da nake yi a teburina shi ne kwafa da robocopy, wadda take cikin Windows tun zamanin Vista. Tana da yanayin da ke karanta fayil ba tare da ta nemi izinin jerin ba, ba ta kuma canja komai a kan faifan da take ɗebowa. A Command Prompt ɗin Administrator, rubuta wannan, ka sa sunan foldarka a madadin Sunanka:

robocopy "E:\Users\Sunanka" "C:\Ceto\Sunanka" /E /B /XJ /XD AppData /R:1 /W:1 /TEE /LOG:C:\ceto.txt

Harafin E da ke bayan sandar yana nufin a haɗa da duk foldojin ciki. B shi ne mai tsallake izini. XJ yana hana ta bin wasu hanyoyin ratse da Windows take dasawa a cikin foldar mai amfani, irin su Application Data, waɗanda kan sa mai kwafa ya yi ta zagaye wuri ɗaya har faifai ya cika. R da W su ne suka fi muhimmanci: in ba ka sa su ba, robocopy in ta ci karo da fayil ɗin da ya ƙi karantuwa za ta sake gwadawa har sau miliyan 1, tana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, ka kwana ka tashi tana kan fayil ɗaya. Da ta gama za ta nuna ɗan jadawali, ka duba ƙarƙashin FAILED. In akwai adadi, buɗe ceto.txt ka ga sunayen waɗanda suka ƙi. In wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, sake rubuta umarnin, za ta tsallake waɗanda ta riga ta kwafa. Wannan kaɗai ya isa ya sa na fifita ta a kan jan folda da linzami.

Za ka ga a intanet ana yawan ba da umarnin da /MIR a ciki. Kada ka sa. Yana mayar da wurin saukewa kwatankwacin wurin ɗauka, ma'ana yana goge duk abin da ya tarar a can wanda babu shi a nan, kuma in ka juya adireshin biyu ka gama da kanka.

Kafin ka fara, tabbatar C tana da sarari, in babu ka nemi faifan waje. In filasha ko faifan wajen yana kan tsarin FAT32, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya kai gigabait 4 ba, bidiyon biki sai ya ƙi shiga alhali ga sarari. A mayar da shi NTFS ko exFAT tun yana fanko. Sannan ka yi aikin a kan UPS ko inbata. USB 2.0 ba ta cika wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, gigabait 200 zai ci kusan awa biyu ko da manyan fayiloli ne, ƙanana kuwa sun fi haka jinkiri nesa ba kusa ba. Faifan da ke jone ta SATA a ciki ya fi sauri, amma shi ma ba ya son a ɗauke masa wuta ana canja layi zuwa janareta.

Abubuwan da ake mantawa

Umarnin da ke sama zai kawo Desktop da Documents da Downloads da Pictures da sauransu. Na sa ya tsallake AppData da gangan, don cike take da dubban ƙananan tarkace masu cin lokaci, amma akwai abin ɗauka a cikinta daga baya. Adireshin shafukan da ka adana a Chrome suna cikin fayil mai suna Bookmarks, a AppData\Local\Google\Chrome\User Data\Default. Kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe maka kuwa an ɗaure su da tsohon akawun ɗin Windows, kwafar fayil ɗinsu ba za ta buɗe su a sabuwar kwamfuta ba, sai dai in dama kana shiga da akawun ɗin Google suna daidaituwa da can.

Ga mai shago irinka, abin da ya fi waɗannan duka shi ne fon, wato salon haruffan rubutu. Kwafi E:\Windows\Fonts gaba ɗaya, ka duba kuma AppData\Local\Microsoft\Windows\Fonts, inda sababbin Windows suke ajiye fon ɗin da aka girka wa mutum ɗaya. In babu su, ranar da kwastoma ya dawo a sake buga masa katin da aka yi bara, CorelDRAW zai buɗe aikin amma rubutun ya sauya kama, layuka su hau juna. Abin ya fi muni ga tsofaffin takardun Hausa da aka buga da fon irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar lokacin da haruffa masu lanƙwasa ba su samu shiga kwamfuta ba. Irin waɗannan fon a kan wasu maɓallai suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ, don haka in babu fon ɗin sai ka ga wasu alamomi a tsakiyar kalma.

Manhajoji kansu, irin su Office da CorelDRAW da Photoshop, ba sa kwafuwa ta ɗauko foldarsu daga Program Files. Sun baza saitinsu a rajistar tsohuwar Windows, sai an sake girka su. In kuma kana amfani da OneDrive, wasu fayilolin da kake gani sunansu ne kawai a faifan, ainihinsu yana intanet, shiga akawun ɗinka ne zai dawo da su.

Ɓangaren da ke neman fomatin

Nan ne aikin yake. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. A ƙasa za ka ga kowane faifai an zana shi a kwance da ɓangarorinsa. Kada girman ya tayar maka da hankali, faifan terabait 1 yakan nuna gigabait 931, bambancin lissafi ne. Abin da aka rubuta a kan ɓangaren ayyukanka shi zai gaya mana inda muka dosa.

Ga wanda ɓangarensa bai fito ba sam, in an rubuta NTFS da Healthy amma babu harafi, danna dama ya zaɓi Change Drive Letter and Paths ya ba shi harafi, shi ke nan. In an rubuta Offline, ya danna dama ya zaɓi Online. In Foreign ne, akwai Import Foreign Disks. In kuwa aka ce Not Initialized, Windows ta fito da akwati tana tambaya MBR ko GPT, Cancel ake dannawa, domin sabon faifai fanko ake yi wa wannan.

Naka, bisa yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton RAW za ka gani. Ma'anarsa Windows ta ga ɓangaren amma ta kasa karanta bayanin da ke farkonsa, wanda ke gaya mata wane tsari ne da kuma inda jadawalin fayiloli yake. Jadawalin nan, da ake kira MFT, shi ke riƙe da sunan kowane fayil da foldarsa da wurin da yake kwance. Wutar da ta yanke ana tsakar rubutu takan ɓata waɗannan ƴan wurare, alhali sauran ɗaruruwan gigabait ɗin ba abin da ya same su. Windows kuwa in ta kasa gane ɓangare, shawara ɗaya ta iya bayarwa, a yi fomatin. Fomatin na gaggawa yana shimfiɗa sabon jadawali fanko, yana iya taka tsohon. Cikakken fomatin, tun daga Vista, sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina, bayansa babu abin da ake cetowa.

Za ka samu masu ce maka ka yi chkdsk da /f, wato umarnin Windows na duba faifai da gyara shi. In ɓangaren RAW ne sosai, ita da kanta za ta ce ba ta aiki a kansa. Inda ta yarda ta yi, burinta tsarin ya daidaita, ba ayyukanka su tsira ba. Abin da ta kasa ganewa takan yanke shi ta zuba a wata folda mai suna found.000 da sunaye marasa ma'ana. Wani lokaci takan gyara cikin minti ɗaya, ban musa ba. Amma a kan kwafi ɗaya tilo na ayyukan mutane, wannan neman gira ne da ka iya jawo rasa ido.

Abin da nake amfani da shi TestDisk ne, manhajar kyauta ta Christophe Grenier. Baƙin allo ne da rubutu, babu linzami, amma ba ta da wuya. Buɗe ta a kan C, zaɓi faifan, ka bar nau'in da ta gano da kanta, ka shiga Advanced, ka zaɓi ɓangaren, ka nemi List. In Allah ya sa jadawalin yana nan, za ka ga foldojinka da sunayensu kamar yadda ka bar su. Ƙaramin a yana zaɓar duka, babban C yana kwafa, sai ta tambaye ka inda za ta sauke, ka nuna mata wani faifan dabam. In List bai nuna komai ba, shiga Boot. NTFS yana ajiye kwafin wannan bayanin farko a can ƙarshen ɓangaren, kuma TestDisk za ta gaya maka ko na farkon ne ya lalace na ajiyar yana da kyau. Tana iya mayar da na ajiyar a gurbinsa, sau da yawa kuma ɓangaren yakan dawo gaba ɗaya. Sai dai wannan rubutu ne, don haka ba na yinsa a kan faifan asali sai na riga na ɗauki hotonsa.

Hoton faifai shi ne kwafe shi tun daga farko har ƙarshe zuwa fayil ɗaya, ba ruwanka da abin da ke ciki. In rahoton SMART ya nuna rawaya, wannan ne ma aikin farko, tun kafin robocopy, don kada faifan ya ƙare ƙarfinsa a kan Downloads kafin a zo kan furojet ɗin ɗalibai. Ana tayar da kwamfuta daga filasha da Linux, wata babbar manhaja dabam da Windows, misali SystemRescue, a yi amfani da manhajar ddrescue. Hikimarta ita ce takan fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo kansu, tana kuma rubuta inda ta tsaya don a ci gaba in an katse. Ana buƙatar wani faifan da sararinsa ya fi girman naka. A Linux faifai ba shi da harafin C ko E, sda da sdb ake kiransu, kuma wanda ya juya na ɗauka da na saukewa ya shafe ayyukansa da hannunsa. In ba ka taɓa yi ba, wannan matakin a yi shi da wanda ya saba, kana zaune a wurin.

In jadawalin ya tafi gaba ɗaya, saura PhotoRec, wadda take zuwa tare da TestDisk. Ita ba ta neman jadawali, bin faifan take yi tana gane fayil ta yadda ya fara. Takan ceto hotuna da takardun Word da PDF da yawa, amma babu suna babu folda, sai lambobi masu farawa da f a cikin foldoji masu suna recup_dir. Ga mai ayyukan kwastomomi na shekaru, tantance su aikin makonni ne, shi ya sa take zama ta ƙarshe.

Inda hannuna ba ya kaiwa

Ban ga faifanka ba, duk abin da na faɗa a kan kwatancenka na gina shi. Akwai kuma hali biyu da dabarar teburi ba ta yi musu komai. Na farko BitLocker. In ka ga hoton kwaɗo a kan ɓangaren, ana tambayarka mabuɗi mai lamba 48, to wannan ɓoye bayanai ne na gaske, ba irin kullen izini ba. Mabuɗin yakan kasance a akawun ɗin Microsoft da aka shiga da shi a tsohuwar kwamfutar, ko wajen ma'aikatar da ta mallake ta. In babu shi babu hanya, kuma duk wanda ya ce zai fasa maka kuɗinka kawai zai ci. Wannan zai ƙara yawaita, domin Windows 11, musamman daga fitowar 24H2, takan kunna ɓoyewar da kanta a kwamfutoci da yawa in an shiga da akawun ɗin Microsoft. Haka fayilolin da aka ɓoye ɗaya ɗaya da EFS, masu ƙaramin kwaɗo ko koren suna, ba sa buɗuwa sai da shaidar tsohon akawun.

Na biyu faifai mai ƙat ƙat. Wannan yawanci kan da ke karatu ne ya samu matsala, kuma tazararsa da farantin ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Buɗe murfinsa a shago, balle da hazon hunturu, kashe shi ne. Sa shi a firji, ko bubbuga shi, ko ɗauko allon wani faifan a ɗaura masa, duk na ga an yi, kuma allon ma ba ya aiki sai an ɗauke wani ɗan guntun da ke riƙe da saitin wannan faifan an mayar a kan sabon. Aikin kamfanonin ceto bayanai ne masu ɗaki marar ƙura, kuɗinsu kuma yakan ninka na sabon faifai sau da yawa, sai mutum ya auna ko abin da ke ciki ya kai.

In za ka kai wa wani, ka tuna ba sirrinka kaɗai ke ciki ba. Akwai takardun shaidar mutane da hotunan iyalansu da aka ba ka amana, kuma ka riga ka ga yadda kullen izini yake da sauƙin tsallakewa. A yi aikin a gabanka, a kan faifan da kai ka kawo.

Bayan an kwashe, kada ka yarda da adadi kawai. Buɗe takardu da hotuna daga foldoji dabam dabam, tsofaffi da sababbi, ka ga suna buɗuwa. Sa Windows Security ta bincike foldar Ceto kafin ka fara aiki da ita, don kwamfutar shago da filashar kowa take shiga ba ta cika rasa ƙwayar cutar nan mai ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu ba. In ka kwafi ɓangare tun daga tushensa da robocopy sai foldar da ka sauke a ciki ta ɓace, ba gogewa ta yi ba, ta gaji alamar ɓuya ce, umarnin attrib -s -h tare da adireshin foldar zai fito da ita. Tsohon faifan kuma a ajiye shi yadda yake na ƴan makonni, sai an tabbatar babu abin da aka manta, kuma ayyukan sun zauna a wuri biyu. In ka tsaya a wani mataki, turo mini hoton allon Disk Management da na CrystalDiskInfo, da su zan iya gaya maka takamaiman abin da za ka danna.